Tambaya da Amsa: Iskar da Ta Maƙale a Duwatsun Wata

Wasiƙun wannan fitowa sun haɗu a kan magana ɗaya, wato iskokin gas da masana ke tatsa daga duwatsu da turɓayar da aka kwaso daga wata. Su shida ne: hiliyam, niyon, argon, kirifton, zinon da radon. Za mu riƙa kiransu 'yan ba-ruwanmu, domin a cikin dutse ba sa ƙulla hulɗa da kowane sinadari. Malaman ilimin duwatsu da na fiziks da ke taimaka wa wannan fili ne suka amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Muna koya wa yara cewa babu iska a wata. Sai ga shi ana cewa an samu gas a cikin duwatsun da 'yan sama-jannati suka kawo. Daga ina ya fito?
Malamin kimiyya a wata sakandare, Azare

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da kuke koyarwa daidai ne, kuma rashin iskar ne ma ya buɗe wa mafi yawan gas ɗin ƙofa.

Babbar hanyarsa ita ce feshin rana. Ban da haske da zafi, rana tana fesar da ƙwayoyin zarra masu cajin lantarki ba dare ba rana, suna gudun kilomita 400 ko fiye a daƙiƙa ɗaya. Wajen kashi 95 cikin ɗari haidirojin ne, kashi 4 hiliyam, ragowar kuma ɗan abin da ba a rasa ba na niyon, argon da sauransu. Mu a duniya garkuwa biyu gare mu: maganaɗisun duniya da bargon iskar da ya lulluɓe mu. Wata ba shi da ko ɗaya na a-zo-a-gani, don haka ƙwayoyin nan kai tsaye suke cakar turɓayarsa su nutse. Sai dai nutson ba shi da zurfi. Da ƙyar yake wuce nanomita ɗari, alhali kaurin silin gashi ya kai nanomita 70,000.

Wannan ya sa gas ɗin rana a fatar ƙwayar yashi yake zama, kamar yaji a jikin tsire: iya ƙanƙantar yankan nama, iya yawan yajin da kowane kilo zai kwasa. Idan aka tankaɗe turɓayar wata aka ware ta gida-gida, ƙwayoyin da girmansu ya kai rabin na wasu sukan riƙe kusan ninki biyu na gas a kowane giram. Da wannan gwajin tankaɗe ake gane gas ɗin da ya shigo daga waje. Turɓayar da kumbon Amurka Apollo 11 ya kawo daga wata a 1969, mai lamba 10084, tana ɗauke da hiliyam wajen santimita-kubik 0.2 a giram ɗaya. Amma a fasa dutsen aman wuta daga wannan wurin a ɗauki tsakiyarsa, ba za a samu hiliyam ɗin rana ba.

Riƙon ma ba ɗaya ba ne. Ilminait, baƙin ma'adinin ƙarfe da taitaniyam, irin wanda masu wankin kuza a yankin Toro da Filato ke gani cikin baƙin yashi mai nauyi, shi ya fi kowa riƙe hiliyam. Farin ma'adinin filajiyokilas kuwa rariya ne: da zafin rana ya kai digiri 120 a ma'aunin Salshiyos, hiliyam da niyon sai su riƙa sulalewa.

An tabbatar da asalin wannan gas ta hanya mai sauƙi. Johannes Geiss da abokan aikinsa a Jami'ar Bern ta Siwizalan sun ba 'yan sama-jannati fallen alminiyam mai faɗin santimita 30 da tsawon 140, aka kafa shi yana fuskantar rana. A Apollo 11 minti 77 ya yi a shanye, a Apollo 16 awa 45. Da aka narka shi a Bern, sai ga hiliyam da niyon masu tambari irin na turɓayar.

Tambarin nan shi ne jigon maganar. Kowane gas yana da 'yan ɗaki masu nauyi daban-daban da ake kira aisotof. Niyon-20, niyon-21 da niyon-22 duk niyon ne, nauyi kawai ya raba su. A feshin rana, kowane niyon-22 ɗaya yana tafe da niyon-20 guda 13.8, a iskar da muke shaƙa 9.8 ne. A rana hiliyam-3 ɗaya ne cikin hiliyam 2,200 ko kusa da haka, a iskarmu kuwa ɗaya cikin fiye da 700,000.

Hanya ta biyu daga cikin dutsen kansa ne. Fotasiyam-40 yana rikiɗa ya haifi argon-40, yuraniyam da toriyam su haifi hiliyam-4 da radon. Shi radon ba ya daɗewa, cikin kwana 3.8 rabinsa ya ƙare, shi ya sa daga sama ake farautarsa. Na'urar da ke jikin kumbon Apollo 15 ta hango shi yana tasowa a yankin wata da ake kira Aristarchus.

Ta uku ita ce ƙwayoyin kosmik, masu zuwa daga can wajen dangin rana da ƙarfin da ya ninka na feshin rana nesa ba kusa ba. Su suna ratsa dutse har mita ɗaya zuwa biyu, suna farfasa zarrar magniziyam, silikon, kalsiyam da ƙarfe, ɓaraguzan su zama hiliyam-3, niyon-21, argon-38 da makamantansu. Niyon ɗin da aka haifa ta wannan hanya 'yan ɗakinsa uku kusan kai ɗaya suke, saboda haka ba ya ɓuya.

Akwai kuma wanda za mu kira argon maraya. Turɓayar wata tana da argon-40 fiye da abin da fotasiyam ɗinta zai iya haifa, kuma rana ba ta aiko da shi. Bayanin da Manka da Michel suka bayar a 1970 shi ne: argon ɗin daga cikin wata yake tsiyayowa ya tashi sama, hasken rana ya sa masa caji, feshin rana ya maka shi cikin ƙasa. Da yake a can baya fotasiyam-40 ya fi yawa, tsohuwar turɓaya ta fi sabuwa yawan wannan maraya, har ana amfani da shi wajen kintatar zamanin da turɓaya ta sha rana.

TAMBAYA: Ina karatun ilimin duwatsu. Don Allah a yi mini bayani dalla-dalla yadda ake fitar da gas ɗin a auna shi, da inda aikin yake lalacewa.
Ɗaliba a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, Bauchi

AMSA: Malama, ki fara riƙe lissafi ɗaya, sauran duk a kansa suka rataya. Baƙin dutsen aman wuta irin na Apollo 11, mai fotasiyam kashi 0.25 cikin ɗari da shekara biliyan 3.6, yana da argon-40 wajen santimita-kubik 0.0001 a giram. Abin da za a ba ki bai fi miligiram 10 ba. Iskarmu kuwa kashi 0.93 cikin ɗari argon ce. Ki buga ki gani: kumfar iska da faɗinta bai kai milimita ɗaya ba, wadda ko ƙwayar gero ta fi ta, tana ɗauke da argon daidai da na samfurin gaba ɗaya. Abokin gabar wannan aiki shi ne iskar ɗakin da kike tsaye.

Tun daga ma'ajiya ake fara tsaro. Kilo 382 da tafiye-tafiyen Apollo shida suka kawo daga 1969 zuwa 1972, mafi yawansu suna Cibiyar Johnson a Hustan, cikin akwatunan da aka cika da busasshen naitirojin. Alminiyam, ƙarfen da ba ya tsatsa da Teflon kaɗai aka yarda su taɓa su.

A ɗakin gwaji, sai ki auna nauyin samfurin, ki naɗe shi a fallen alminiyam, ki jera shi a wani bututu mai rassa da ke saman tanderu. Duk layin bututun na ƙarfe ne, domin hiliyam yana ratsa gilashi a hankali ya shigo daga waje. A zuƙe iskar ciki har matsinta ya koma kashi ɗaya cikin tiriliyan na matsin waje, a gasa layin a digiri 150 zuwa 200 na kwana ɗaya ko biyu don iskar da ta manne wa bango ta saki. Shi samfurin a wajen digiri 100 ake tsayar da shi. Idan kika wuce haka, hiliyam da niyon na rana, da ke fata-fata, za su bi famfo su tafi tun ba a fara awo ba.

Kafin a jefa samfur, sai an yi awon wofi: a hura tanderun babu komai ciki, a zafi ɗaya da tsawon lokaci ɗaya, a auna abin da ya fito. Wannan ne za a cire daga sakamako. Sannan a tura ƙunshin ya faɗa cikin kaskon molibdinam ko tantalam, ƙarafa masu jure wuta, a kai shi digiri 1,700 zuwa 1,800 ya narke. Wasu ɗakunan da hasken lesa suke narka ƙwaya ɗaya-ɗaya. Bayan an gama, a sake hurawa a zafin da ya ɗan ɗara na farko. Idan har gas ya sake fitowa da yawa, narkewar farko ba ta kammala ba, kuma lissafin yawan gas a giram ya tashi a banza.

Abin da ya fito gauraye ne da tururin ruwa, haidirojin, naitirojin da kabon dayokzaid. A nan halin 'yan ba-ruwanmu yake amfani. Ana bi da gas ɗin ta kan soson taitaniyam mai zafi da wani haɗin zakoniyam da alminiyam, su kama duk mai son hulɗa, su bar waɗanda ba ruwansu. Haidirojin ya fi kamuwa a sanyi, don haka akan ajiye abin kamun ɗaya da zafi, ɗaya a sanyin ɗaki. Daga nan sai gawayi na musamman da aka tsoma a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili: argon, kirifton da zinon su manne masa, hiliyam da niyon su wuce a auna su. A ɗumama gawayin kaɗan-kaɗan, argon ya fara sakuwa, zinon ne na ƙarshe.

Na'urar awon tana tantance zarra ne da nauyinta. Wata siririyar waya mai zafi tana harbin gas ɗin da ilektiron ya samu caji, a fizge shi da lantarki na bolt dubbai, ya bi ta tsakiyar maganaɗisu. Marar nauyi ya fi lanƙwasa, mai nauyi ya buɗe kwana, kowa ya faɗa maƙirgarsa. Da yake gas ɗin kaɗan ne, ana rufe bawul ɗin famfo a kulle shi a ciki yayin awo, dabarar da John Reynolds na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley ya kafa a 1956. Kullewar tana da nata sharri: na'urar tana cinye gas ɗin sannu a hankali, kuma ragowar samfuran baya da suka nutse a bangonta suna fitowa. Maganinsa shi ne a yi awo sau da yawa a jere, a ja layi a koma daƙiƙar da aka buɗe wa gas ɗin ƙofa. Kuma kada a kuskura a auna tsakiyar dutse nan da nan bayan turɓaya mai cike da gas ɗin rana.

Sai 'yan sojan gona. Abin da na'urar take gani shi ne nauyi idan an raba shi da caji, saboda haka argon-40 mai caji biyu yana sauka daidai gurbin niyon-20, kabon dayokzaid mai nauyin 44 da caji biyu ya sauka a gurbin niyon-22. Idan ba a cire su ba, 13.8 ɗin nan ba zai fito daidai ba. Haɗin haidirojin da ditiriyam, wato ɗan ɗakinsa mai nauyin 2, shi kuma nauyinsa 3 ne, kamar hiliyam-3. Sai na'urar da ke iya raba bambancin kashi ɗaya cikin 500 take rarrabe su.

Wani tarkon da ya taɓa ruɗa masana shi ne daka. An samu zinon mai tambarin iskar duniya a wasu fararen duwatsun wata, kuma bai fita ba sai da zafi ya haura digiri 1,000, har aka fara zaton na asalin wata ne. Gwaji ya nuna cewa idan aka niƙa dutse a cikin iska, sabuwar fuskar da ta buɗe tana damƙe zinon ɗin ɗaki damƙar da gashin digiri 100 ba ya ɓamɓarewa. Duk samfurin da za a nemi kirifton ko zinon a cikinsa, gutsure ake so, ba gari ba.

TAMBAYA: Ta yaya gas zai faɗi shekarun dutse? Ni abin bai shige ni ba.
Mai karatu daga Kumo

AMSA: Malam, agogo biyu ne, kuma kowane da abin da yake ƙirgawa.

Na farko yana ƙirga shekarun da dutse ya yi tun da ya huce. Cikin zarrar fotasiyam 8,500, ɗaya ce fotasiyam-40, kuma a duk shekara biliyan 1.25 rabinta na rikiɗa. Cikin ɗari da suka rikiɗa, wajen 11 argon-40 suke zama, 89 kalsiyam. Narkakken dutse ba ya riƙe argon. Sai ya daskare tarawa take farawa. To idan an san fotasiyam ɗin da ya rage da argon ɗin da ya taru, shekaru sun fito.

Yadda ake yi a aikace, bisa hanyar da Merrihue da Turner suka fito da ita a 1966, shi ne a kai samfurin tukunyar nukiliya a yi masa ruwan niyutiron, wato ƙwayoyi marasa caji da ke cikin zarra, wani ɓangare na fotasiyam-39 ya koma argon-39. Ka ga uwa da ɗa duk sun zama argon, awo ɗaya ya wadatar. A gefensa ana sa wani ma'adini da aka riga aka san shekarunsa, don a san yawan niyutiron da ya sauka. Sannan a riƙa ƙara zafi hawa-hawa, daga wajen digiri 400 har ya narke, kowane hawa a fitar da shekarunsa. Hawan farko sukan ba da shekaru kaɗan, domin gefen ƙwayoyi ya yi yoyo. Idan hawa uku ko fiye a jere, masu ɗauke da fiye da rabin argon-39, suka yi ittifaƙi, wannan ne shekarun da ake karɓa. Ta haka aka samu biliyan 3.6 zuwa 3.9 ga baƙaƙen duwatsun Apollo 11, da 3.1 zuwa 3.3 ga na Apollo 12. Don kwatanci, dutsen bauchait da aka raɗa wa sunan garin Bauchi shekarunsa wajen miliyan 600 ne.

Inda ake tuntuɓe: duwatsun wata kalsiyam ya yi musu yawa, fotasiyam ya yi kaɗan, kuma kalsiyam ma yana haifar da argon a tukunyar nukiliya. Ana gyara wannan da argon-37, wanda rabinsa ke ƙarewa cikin kwana 35, don haka wanda ya bar samfur ya shekara a kan kanta ya rasa abin gyara. A ƙananan ƙwayoyi kuma, argon-39 yakan yi tsalle ya fice lokacin haihuwarsa, shekaru su fito sun zarce gaskiya. Gyaran da muke yi wa duwatsun duniya, na ɗaukar duk argon-36 a matsayin na iska a ninka shi da 298.6 a cire, ba ya aiki a nan, domin argon-36 na wata daga rana da ƙwayoyin kosmik yake. Sannan karon manyan duwatsun sama yana ɗumama dutse ya mayar da agogon baya. Yawancin duwatsun tsaunukan wata suna nuna biliyan 3.9, kuma har yau ana muhawara: ruwan duwatsu aka yi a lokacin, ko kuwa ɓaraguzan karo ɗaya ne, na kwarin Imbrium, suka watsu ko'ina aka yi ta kwasowa?

Agogo na biyu yana ƙirga zaman da dutse ya yi a sarari. Muddin yana binne ƙasa da mita biyu, ƙwayoyin kosmik ba sa isa gare shi sosai. Ranar da karo ya tono shi, niyon-21 da argon-38 su fara taruwa. An fi amincewa da kirifton-81, wanda rabinsa ke ƙarewa cikin shekara 229,000, domin shi da kansa yake nuna saurin tarawar. Da shi aka san shekarun ramukan da karo ya tona kusa da inda kumbunan suka sauka: ramin Cone na Apollo 14 ya yi shekara wajen miliyan 25, North Ray na Apollo 16 miliyan 50, South Ray miliyan 2 kacal. Dutsen da aka binne aka tono sau biyu kuwa jimilla zai ba ka, ba ranar tonon ƙarshe ba.

TAMBAYA: An taɓa gina wani bayani a kan waɗannan iskoki daga baya ya rushe?
Malamin jami'a, Kashere

AMSA: An taɓa, Malam, kuma ya daɗe a tsaye. A Zurik ta Siwizalan an ƙware wajen cin fatar ƙwayoyin turɓaya da tururin asid a rufaffen layi, ana auna gas ɗin da ke fita daga kowane zurfi. Niyon na sama-sama yakan ba da 13.8, na can ciki ya sauko wajen 11.2. Aka fassara shi da cewa rana tana da wani feshi na biyu, mai ƙarfi, mai tambari daban. Matsalar ita ce yawansa ya zarce abin da kumbuna ke gani a sarari. Kumbon Amurka mai suna Genesis ne ya raba gardama. Ya shanya faranti a gaban rana fiye da shekara biyu, ya dawo ranar 8 ga Satumba 2004, lemarsa ta ƙi buɗewa ya daki ƙasa a hamadar Yuta, amma aka tsinci gutsattsarin. A 2006 aka ci fatar wani faranti nasa da asid, sai ga irin wannan saukowa daga sama zuwa ciki, a abin da feshin rana na yau da kullum kaɗai ya taɓa. Ashe niyon-22 ne, da yake ya fi nauyi, yake ɗan zarce niyon-20 nutso. Feshi na biyu bai taɓa wanzuwa ba.

TAMBAYA: Na ji an ce hiliyam-3 na wata zai kawo ƙarshen matsalar wuta a duniya. Gaskiya ne?
Mai gyaran wayarin, Pantami, Gombe

AMSA: Injiniya, mu yi lissafin da yunit irin na mita. Turɓaya mai kyau, mai yawan ilminait, tana da hiliyam-3 wajen kashi 10 cikin biliyan a nauyi. Giram ɗaya ke nan cikin tan 100, lodin tifa mai ɗaukar tan 20 har sawu biyar. Sai an gasa ta zuwa digiri 700 kafin mafi yawan gas ɗin ya fita, kuma gasa tan 100 zai ci wajen yunit 18,000, in ba a maido da zafin an sake amfani da shi ba. Giram ɗin nan, da za a ƙone shi duka da ditiriyam a tukunyar haɗa zarra, wadda ke haɗe ƙananan zarra su saki zafi, zai ba da zafi na wajen yunit 160,000. A takarda akwai riba. Masana a Jami'ar Wiskonsin sun kiyasta tun 1986 cewa akwai kimanin tan miliyan ɗaya a turɓayar wata.

Gizo ke saƙa a wajen tukunyar. Har yau babu tashar haɗa zarra ko ɗaya da ke ba gari wuta, ko da da makamashi mafi sauƙin kamawa, wato ditiriyam da tiritiyam, 'yan ɗakin haidirojin masu nauyi. Nasarar da aka yi shela a Amurka a Disamban 2022 ita ce an harba megajul 2.05 na hasken lesa an samu 3.15, ba tare da lissafin wutar da na'urorin lesar suka sha ba. Hiliyam-3 kuwa yana buƙatar zafin da ya ninka wannan sau da yawa. Ƙara da cewa tan ɗaya nasa na nufin tono da tankaɗe da gasa tan miliyan 100 na turɓaya mai kaifi kamar garin kwalba, wadda ta ci hatimin akwatuna da rigunan 'yan Apollo cikin kwana uku. A ganinmu, in har an fara kawo shi, kasuwarsa ta farko ita ce wadda yake da ita yanzu: na'urorin gano niyutiron a kan iyakoki, da firjin da ke sanyaya kwamfutocin kwantam. Kada kowa ya fasa sayen sola saboda shi.

TAMBAYA: A majalisarmu wasu sun dage cewa ba a je wata ba, duwatsun na duniya ne. Gas ɗin zai iya raba mu?
Mai shago a kasuwar Wunti, Bauchi

AMSA: Zai iya, Alhaji. Babu dutsen duniya da ke da hiliyam da niyon na rana dashe a fatar kowace ƙwaya, ga kuma niyon-21 na miliyoyin shekaru a cikinsa yana sauyawa da zurfi yadda lissafi ya ce, har cikin bututun ƙasa mai tsawon mita 3 da Apollo 17 ya haƙo. Tarayyar Sobiyet, abokiyar hamayyar Amurka a lokacin, ta kawo nata samfurin da kumbunan Luna 16, 20 da 24 tsakanin 1970 da 1976. Sin ta kawo giram 1,731 a 2020, da giram 1,935 daga bayan wata a 2024. Gas ɗin rana da ke cikin na Sobiyet da na Sin irin na Apollo ne.

TAMBAYA: Wani ya kawo mini baƙin dutse mai nauyi, maganaɗisu na kama shi, ya ce daga wata ya faɗo, wai akwai gas mai tsada a ciki. In saya?
Ɗan kasuwa, Bajoga

AMSA: Alhaji, riƙe kuɗinka tukuna. Kamun maganaɗisun ma hujja ce a kan mai dutsen, domin duwatsun wata da ƙyar suke jan maganaɗisu. Gas ɗin ciki kuma, ko dutsen na gaske ne, bai kai na cika balan-balan ɗin yara ba. Darajarsa ta ilimi ce. Samfuran Apollo mallakar gwamnatin Amurka ne, ba a sayar da su. Akwai dai duwatsun wata da karo ya cillo suka faɗo duniya, ana tsintarsu a Sahara, Oman da Antatika, amma ba a taɓa ganin faɗowar ko ɗaya da ido ba. Wanda ya ce a gabansa ya faɗo daga wata, sai ya kawo babbar shaida.

Yawancin abin da ake yawo da shi a yankinmu kashin maƙera ne daga tsofaffin wuraren narkar da tama, ko tamar kanta, ko marmara. Duba da kyau: ramuka-ramuka kamar soso alamar kashin maƙera ce. Goga shi a bayan tayil marar sheƙi; jan zane ko baƙi ƙirin na nuna tama. Ƙyallin farin ƙanƙarar dutse a jiki kuma na nuna ɗan gida ne.

Ba muna cewa dutse ba ya faɗowa a ƙasar nan ba. Na Gujba a Yobe ya faɗo a 1984, na Mayo Belwa a Adamawa a 1974. Na Zagami a ƙasar Katsina, mai kilo 18, ya faɗo kusa da wani manomi ranar 3 ga Oktoba 1962, kuma 'yan ba-ruwanmu na cikin shaidun asalinsa: a 1995 aka auna gas ɗin da ya maƙale a ƙananan aljihunan gilashi na cikinsa, ya dace da iskar duniyar Mas da kumbunan Viking suka auna a 1976.

Idan dutsen ya tsallake gwaje-gwajen gida, kada a wanke shi, kada a shafa masa mai ko asid, kada a sa shi a wuta, domin wuta tana korar gas ɗin da zai yi masa shaida. A daina manna masa babban maganaɗisu, yana goge tarihin maganaɗisun da ke cikinsa. A naɗe shi a fallen alminiyam mai tsabta, a rubuta wuri da ranar da aka tsince shi, a kai sashen ilimin duwatsu na jami'a mafi kusa, a Gombe ko Bauchi, su yanki ɗan siririn falle su duba a madubin ƙara girma. Daga nan ne za a san ko ya cancanci a tura shi awon sinadarai da na gas a waje. Kafin ƙungiyar masana duwatsun sama ta duniya ta yi masa rajista da suna, sai an ajiye giram 20 ko kashi 20 cikin ɗari na nauyinsa, wanda ya fi ƙanƙanta a ciki, a wata cibiya da aka amince da ita. Ka tambayi mai dutsen sunan rajistar da lambarta kafin a fara maganar farashi.